Sheƙa a tsakar gida: yadda ake bin tsuntsu daga ƙwai har tashin 'ya'ya

Gidan da ke da bishiya ko da ɗaya mai duhun ganye, da ruwa a kasko, da wani lungu da ba a cika taɓawa ba, da wuya shekara ta zagayo tsuntsu bai yi sheƙa a cikinsa ba. A nan Sudan, daga Mai Wurno da Sinja zuwa Gadarif, Kasala da Madani, tsuntsayen da ke shigowa gidajenmu kusan iri ɗaya ne, kuma aikinsu gaba ɗaya, tun daga ɗaukar ciyawar farko har 'ya'ya su tashi, yana ƙarewa cikin kwana 30 zuwa 40. A cikin waɗannan kwanaki akwai na leƙawa, akwai na tsayawa daga nesa. Wanda ya san lissafin zai ga komai da idonsa. Wanda bai sani ba shi ne yake wayar gari ya tarar da sheƙa wayam, ya ɗora wa kyanwa laifi, alhali sawunsa ne ya nuna mata hanya.

Fara da sanin mai sheƙar

Gwara, wanda a nan ake kira wad abrag, shi ne mafi sauƙin samu. Namijin yana da baƙin tabo a maƙogwaro, macen kuwa ruwan ƙasa ce ba ado. Rami yake so: tsakanin azara da bango, bakin indararo, bayan mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), ƙarƙashin kwanon rufi. Yana cusa ciyawa da tsumma da gashin kaza ba tsari, ya bar ƙofa a gefe. Ƙwai 3 zuwa 5 ne masu ɗigo-ɗigo, kwanci kwana 11 zuwa 14, 'ya'ya kuma su yi kamar mako biyu ko ɗan fiye a ciki.

Bulbul shi ne mai daɗin murya, wanda ke tashe ka kafin rana ta fito. Kansa baƙi-baƙi ne da ɗan tukku, bayansa ruwan ƙasa, cikinsa fari-fari. Sheƙarsa buɗaɗɗiya ce kamar ɗan ƙoƙo, ya saƙa ta da siraran saiwoyi da ciyawa, ya ɗaure da saƙar gizo-gizo a tsakanin rassa biyu na lemun tsami, gwaiba, mangwaro ko darbejiya. Ƙwai 2 ko 3, fari mai ja-ja da ɗigo masu duhu. Macen ce ke yin yawancin kwanci, kwana 12 zuwa 14, 'ya'ya su fita bayan kwana 12 zuwa 16. Ga mai koyon kallo babu kamarsa, domin komai a fili yake. Wannan fili kuma shi ya sa ya fi kowa saurin yin asara.

Sai ba'u, ɗan ƙaramin jan tsuntsun nan da ke tsince a gindin turmi, wanda maƙwabtanmu ke kira ter al-janna. Tsawonsa bai wuce santimita 10 ba. Namiji ja ne, mace ruwan ƙasa da ja a gindin wutsiya da ɗan ja a gaban ido. Sheƙarsa dunƙulalliya ce mai rufi, ƙofa a gefe, a cikin jinkar guɗɗiyya (ɗakin ciyawa), a zanar rakuba (rumfa), a danga, ko a ramin katanga. Yana shimfiɗe cikinta da gashin kaza. Fararen ƙwai 3 zuwa 5, mace da namiji na karɓa-karɓa a kansu kwana 11 zuwa 12, 'ya'ya su yi kusan kwana 18 kafin su fito.

Kabare saƙa yake yi a ƙarshen reshe, galibi a bishiya mai ƙaya ko kusa da ruwa. Namiji ne magini: yana tsago ɗanyen ganyen ciyawa ko na dabino, ya fara da zobe, ya ɗora ɗaki a kai, ƙofa tana kallon ƙasa. Idan mace ta duba ba ta karɓa ba, har saƙar ta bushe, sai ya warware ya sake sabuwa. Cikin sheƙarsa ba ya leƙuwa, amma ginin kansa ya ishi mai kallo. Akwai kuma ɗan siririn tsuntsu mai lanƙwasasshen baki da ke shan ruwan fure, wanda macensa ke rataye sheƙa mai kama da jaka a siririn reshe, ta yi ƙwai 1 ko 2. Kurciya ba ta cikin masu waƙa, amma ita ma za ka same ta: 'yan ƙirare ne ta jera a kan taga ko reshe, fararen ƙwai 2, kwanci kamar mako biyu.

Lokacin da za a sa ido

Abinci ne ke sa tsuntsu ya yi ƙwai, abincin 'ya'yan yawancinsu kuma ƙwari ne. Don haka yawanci damina suke jira. In ka ga shamuwa ta dawo ta hau bishiyoyin gari, to fara lura. A Damazin da kudancin Gadarif ruwa na riga sauka, aikin yana farawa da wuri, a Khartum da arewa kuwa sai Yuli ko Agusta. Kabare na bin tsakiyar damina, lokacin da ɗanyar ciyawa ta yi tsawon da za a saƙa. Ba'u yana jinkirtawa zuwa ƙarshen damina da kaka, sa'ad da ciyawa ta zuba iri, har ya shiga ɗari yana yi. Gwara da kurciya ba su da ƙa'ida sosai a cikin gari, inda ruwa da hatsi ba sa yankewa. A bakin kogi da cikin gonakin Jazira, inda ake ban ruwa, bulbul ma yakan yi a wajen damina.

Shirya gida kafin su zo

Ruwa ne kan gaba. Sami kasko mai faɗi, zurfin ruwan kada ya wuce santimita 3 a baki, 5 a tsakiya, ka sa dutse ko gutsuren bulo a ciki don masu gajeren ƙafa. Ajiye shi a inuwa, kusa da inda randa ke ɗiga in akwai, amma da tazarar mita 2 daga duk wani lungu da kyanwa za ta laɓe. Kullum a zubar da tsohon ruwan, a goge kaskon, a zuba sabo. Wannan ba don tsuntsaye kaɗai ba ne. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da shikungunya a cikin irin wannan ruwa mai tsabta na mazubi yake haihuwa, yana liƙa ƙwansa a jikin kasko, cikin mako guda ko kwana goma ya zama sauro. Mutanen Kasala sun ga abin da shikungunya ta yi a 2018. Zubar da ruwa ba tare da goge bangon kaskon ba bai isa ba.

Abinci kaɗan ya wadatar: tafin hannu ɗaya na gero ko ɓarzajjiyar dawa da safe, yadda zai ƙare kafin azahar. Abin da ya kwana a ƙasa na ɓera ne, ɓera kuma yana shan ƙwai. Bulbul a tsaga masa nunanniyar gwaiba ko ayaba, ko dabino da aka jiƙa, a soke a reshe. Ragowar kisra da miya, mai gishiri da mai, ba nasu ba ne. Wurin abincin ya yi nisa da sheƙa, aƙalla mita 5, domin taron tsuntsaye yana jawo idon hankaka da shaho. Abin da ya fi duk wannan amfani shi ne a dakatar da fesa maganin ƙwari a bishiyoyin gida muddin akwai sheƙa, a kuma bar wani ɗan gefe na ciyawa ta yi iri ba a nome ba.

Kayan gini ma ana iya taimakawa da su: busasshiyar ciyawa mai laushi, gashin kaza, zaren kaba gajere. Abin da za a kwashe daga tsakar gida shi ne zaren buhun leda, zaren ɗinki, da gashin kanti da ake ƙara wa kitso. Tsuntsu yana ɗaukarsu da murna, amma ba sa tsinkewa. Suna naɗe ƙafar ɗan tsuntsu yana girma suna shiga nama, ranar tashi a same shi a rataye a bakin sheƙa.

Akwatin sheƙa na gwara ne da sauran masu son rami, bulbul da kabare ba za su shiga ba. A ba kafinta wannan awo: katako mai kaurin santimita 1.5 zuwa 2, ƙasan akwati 13 da 13, tsawo 25, ƙofa zagayayya mai faɗin santimita 3.2, a huda ta santimita 15 sama da ƙasan akwati. Faɗin ƙofar nan shi ne tsaronsu, in ya ƙaru, manyan tsuntsaye za su shiga. A huda ƙananan ramuka 4 a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, wasu 2 a kowane gefe can sama don iska. Murfi ya zarce gaba da santimita 5, a yi shi yadda zai buɗe da ƙugiya. Kada a sa sandar sauka a bakin ƙofa, masu gida ba sa bukatarta, maƙiyi ne ke tsayawa a kai. Kada a yi fenti a ciki. Gwangwani, galan da jarka kuwa ba su da wuri a wannan aiki a ƙasar Sudan, zafin da suke tarawa yana kashe 'ya'ya tun kafin azahar. In babu katako, gora mai kauri ko tsohon tulu da aka toshe bakinsa da laka aka bar ƙofa daidai wancan awo ya fi su nesa ba kusa ba.

Wurin rataya yana bukatar tunani. Tsayin mita 2.5 zuwa 3, ƙarƙashin inuwar da ba ta gushewa. Kada a dogara da cewa bangon arewa kullum a inuwa yake. A tsakiyar Sudan, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, rana tana ratsawa ta arewa da tsakar kai, bangon da ke da sanyi a watan Janairu sai ya koma yana shan rana. Ka zaɓi wuri, ka duba shi da hantsi, da azahar, da la'asar, a cikin watan da ake ciki. Yamma ita ce mafi muni. A kuma guji bangon da ruwan sama ya fi duka, kowane mai gidan laka ya san shi, shi ne wanda ke fara neman yaɓe. Kada akwatin ya kasance ƙasa da kan katanga inda kyanwa ke yawo ta miƙo hannu.

Gano sheƙa ba tare da bincike ba

Ba a bankaɗa ganye ana nema. Zauna a wuri ɗaya bayan sallar asuba, minti 20 zuwa 30, ka bi duk tsuntsun da ke ɗauke da wani abu a baki. Ciyawa ko gashi na nufin gini. Tsutsa ko fara na nufin an riga an ƙyanƙyashe. Farin dunƙule da ake fita da shi a yar can nesa kashin 'ya'ya ne, inda aka fito da shi nan sheƙar take. Namijin gwara da ya kafe a bakin rami ɗaya yana ta kuka ya riga ya kama wurin.

Da ka gane wurin, zaɓi mazauni guda mai tazarar mita 6 zuwa 10, ka riƙa zama a nan kullum, kan angareb ko kujera, ba tare da nuna wurin da yatsa ba. Tsuntsayen gida sun saba da mai shara da mai wanke-wanke, abin da ke tayar musu da hankali shi ne mutumin da ya tsaya cak ya zuba musu ido. Akwai alama ɗaya da ba ta ƙarya: uwa ta zo da abinci a baki, tana tsalle daga reshe zuwa reshe, tana ƙaramin kuka, ta ƙi shiga. In ta yi minti 5 a haka, kai ne matsalar. Ja da baya, ko ka shiga ɗaki ka kalla ta taga. Madubin hangen nesa mai ƙara girma sau 8 ya isa, in babu, kyamarar waya daga mazauninka, ba tare da kunna fitilarta ba.

Kwanakin gini da na ƙwai

Lokacin gini da ranakun zuba ƙwai su ne tsuntsu ya fi saurin ƙaura, don bai riga ya zuba wahala mai yawa ba. Kada a je kusa ko kaɗan har sai ka ga mace ta fara daɗewa a zaune. Gini kan ɗauki kwana 3 zuwa 10, wani lokaci kuma a gama a bar sheƙar kwana biyu ko uku ba kowa. Mutane da yawa a nan suke cewa an gudu, su cire.

Ƙwai ɗaya ake yi a rana, da sassafe. Uwa ba ta zama sosai sai ta yi na ƙarshe ko na kusa da shi, shi ya sa 'ya'yan ke fitowa kusan tare. Don haka ƙwai biyu a sheƙa ba kowa a kai ba alamar an watsar ba ce.

In kwanci ya kankama, ana iya leƙawa sau ɗaya a kwana 3 ko 4, kuma ga yadda ake yi. Ɗaure ƙaramin madubi a kan sanda, a ɗan karkace. Jira uwa ta tashi da kanta ta tafi kiwo, kada ka kore ta. Duba sama da kan katanga tukuna, in akwai hankaka ko kyanwa a kusa, fasa. Je ka ɗaga madubin sama da sheƙar, ƙirga, ka wuce gaba ka zagayo ta wata hanya, duka cikin ƙasa da minti ɗaya. Da hantsi ne ya fi, bayan an gama zuba ƙwan safe kuma rana ba ta yi zafi ba. Ban da tsakar rana, ban da gab da magariba, ban da lokacin hadari. Hannu kuwa ba ya shiga ramin bango ko cikin jinka, don kunama da maciji su ma nan suke fakewa.

Dalilin gajarta leƙen shi ne zafi. Ɗan da ke cikin ƙwai yana girma ne a zafin digiri 37 zuwa 38. Sanyi na ɗan lokaci jinkirta shi kawai yake yi, amma in zafin ƙwan ya haura 41 ya daɗe, ya mutu. A nan inda iskar Afrilu da Mayu kanta ke wuce 40, uwar da ka gani tsaye a kan sheƙa, baki buɗe, fukafukai a ɗan ware, ba ɗumama ƙwai take yi ba, inuwa take yi musu. Duk mintin da ka hana ta komawa, rana ce ke dukansu kai tsaye. Saboda haka ne ma ba a yanke ganye ko tanƙwara reshe don hoto ya fito. Ganyen da ke tare maka gani shi ke tare rana da idon shirwa.

Riƙe ɗan littafi, domin da shi za ka san ranar da za ka daina matsowa. Misali, bulbul ta yi ƙwan farko ranar 10 ga Yuli, na uku ranar 12. Ƙara kwana 12 zuwa 14, ƙyanƙyasa za ta faɗo tsakanin 24 da 26 ga wata. Ƙara kwana 9 a kan wannan, daga wajen 2 ga Agusta ba sauran zuwa gindin bishiyar. Tashi kuma a sa rai da shi daga 5 zuwa 11 ga Agusta.

Daga ƙyanƙyasa zuwa tashi

Ranar ƙyanƙyasa za ka gane ta ko ba ka leƙa ba. Uwa takan tsaya a bakin sheƙa tana duban ƙasa, ta fita da ɓawon ƙwai a baki ta yar da shi nesa, namiji kuma ya fara zuwa da abinci. 'Ya'yan gwara da na bulbul tsirara suke fitowa, ido a rufe, ciki ya fi kai girma. Reshe na motsawa sai wuya ya miƙe yana rawa, baki ya wage, gefensa mai kauri da haske don iyaye su ga inda za su saka. A kwanakin farko ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, uwa na yawan zama a kansu. Wajen kwana 4 zuwa 6 ido ke buɗewa, tsinken gashi ya fara tsirowa a fiffike da gadon baya, daga baya bakin kowane tsinke ya fashe gashi ya baje.

Ko gwara, da hatsi ne abincinsa, da ƙwari yake fara ciyar da 'ya'ya: tsutsa, ƙananan fara, gizo-gizo, da shinge in ya fito bayan ruwa. Bulbul na farawa da ƙwari, ya riƙa haɗawa da 'ya'yan itace suna girma. Lura da abin da ke biyo bayan ciyarwa: ɗan yakan juya ya ɗaga gindi, ya fitar da kashi a cikin farar jaka mai yauƙi, uwa ta ɗauke. Da farko haɗiyewa take yi, daga baya ta riƙa fita da shi. Ba'u dabam yake. Iri yake tarawa a maƙoshi ya zo ya amayar musu, shi ya sa zuwansa bai kai na gwara yawa ba, kada ka ɗauka sakaci ne. Ɗan ba'u da ya ƙoshi, ana hango ƙwayoyin irin ta cikin siririyar fatar wuyansa.

A sheƙar ba'u akwai wani abin lura. Wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, farin baki da jan ƙafa, wanda ke zama a kan waya yana kwaikwayon kukan ba'u, macensa ba ta gina sheƙa, a ta ba'u take zuba ƙwanta. Ɗanta yana fitowa da alamomin cikin baki irin na 'ya'yan gida, don haka ake ciyar da shi tare da su, kuma ba ya jefar da su waje. In ka ga ɗa guda ya fita dabam a cikin waɗanda suka tashi, shi ne. A bar shi. Haka nan in ɗan da ke sheƙar bulbul ko kabare ya fi masu renonsa girma, wani tsuntsun ne ya ajiye ƙwansa, ba abin da za a gyara.

Daga kwana 9 ko 10 a daina leƙe gaba ɗaya. 'Ya'yan sun fara jin tsoro, inuwar madubi kaɗai na iya sa su watse su diro ƙasa kwanaki kafin lokacinsu, kuma in sun diro da wuya su zauna ko an mayar. Daga mazauninka za ka ga sun cika sheƙa, suna miƙa fiffike, suna leƙen waje. Yawanci da safe ake fita. 'Ya'yan bulbul sukan fita tun ba su iya tashi sosai ba, wutsiya guntuwa, su maƙale a reshe na kusa suna kira. Iyaye za su ci gaba da ciyar da su mako biyu ko fiye.

Abin da ke kawo asara

A makon tashi, gidan kansa ne haɗari. A rufe duk baramil da bokitin ruwa, don ɗan tsuntsu in ya faɗa ba ya iya fita. A rufe bakin masai. In sheƙar tana cikin baranda ko ɗaki, a kashe fankar sama, a bar taga ɗaya a buɗe dare da rana. Kyanwar gida a tsare ta a ɗaki daga asuba zuwa hantsi na kwana uku ko huɗu, kaji ma a killace su, suna saran ɗan da ke ƙasa.

Don hana hawa bishiya, a naɗa falle na kwano mai faɗin santimita 60 a jikin kututture, daga tsayin mita 1.5, ko a ɗaura rassan magarya ƙaya na kallon ƙasa. Wannan yana aiki ne kawai in babu reshen da ya taɓa katanga ko rufi, kuma a yi shi tun kafin gini ko lokacin da iyaye ba sa nan. Cinnaka da kiyashi suna iya cinye 'ya'ya a dare ɗaya. In ka ga layinsu na hawa, naɗa leda a kututture ka shafa mata giris, ka zuba toka a gindi. Kada a fesa magani kusa da sheƙa.

Habub, wato guguwar ƙura, da ruwan farko mai iska suna kakkaɓo sheƙar bulbul da ta kurciya. Bayan iska ta lafa a duba gindin bishiya. Yaɓen bango da gyaran jinka kafin damina ma suna binne sheƙa da 'ya'ya a ciki, don haka a zagaya a saurara kafin a kwaɓa laka, ramin da ake jin kuka a bar shi mako biyu. Gidan da aka daɗe ba a zauna ba, a duba cikin mukayyif da bayan tagogi kafin a kunna ko a buɗe. Sheƙar da ke jikin wayar lantarki ko mita, tun ana gini ake cirewa a toshe wurin, kafin a yi ƙwai.

Yara kuwa hana su kallo ba ya aiki, sa su a ciki ne ke aiki. A ba babban cikinsu littafin lissafi, a ba ƙaramin aikin canza ruwa, a yi sharaɗin ajiye danƙo. A gaya musu hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana shawagi a kansu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su.

In an tsinci ɗa a ƙasa

Dubi jikinsa tukuna. In gashi ya rufe shi, yana tsalle, yana iya riƙe yatsa da ƙafa, to tashi ya yi, ba faɗowa ba. Iyayensa na kusa. Ɗora shi a reshe mai inuwa a cikin 'yan mitoci daga inda ka same shi, ka kau. In tsirara ne ko tsinken gashi kawai gare shi, mayar da shi sheƙa. Maganar cewa uwa na ƙin ɗan da hannun mutum ya taɓa ba gaskiya ba ce, tana karɓarsa. In ya yi sanyi, ɗumama shi a tafin hannu kafin ka mayar.

In sheƙar ce ta faɗo, sami ƙaramar ƙwarya, huda gindinta wuri huɗu ko biyar, zuba ragowar sheƙar ko busasshiyar ciyawa, ɗaure ta da waya a reshen da ya fi kusa da wurin farko, cikin inuwa. Koma nesa ka jira awa ɗaya zuwa biyu. Kukan 'ya'yan ne zai kira iyaye.

Sai an tabbata iyayen sun mutu ko ba su dawo ba sannan a ɗauki reno, kuma a san cewa ba kasafai yake yin nasara ba. Kada a ɗura ruwa a baki, ƙofar numfashi tana gindin harshe, ɗigo kaɗan ya shiga huhu ya kashe. Ban da madara, ban da burodi. Dafaffen ƙwai da aka murje da ɗan ruwa ya yi laushi, da ƙananan ƙwari masu taushi, a ba shi da bakin tsinke mara kaifi duk minti 20 zuwa 30, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. A wanke hannu da sabulu bayan kowane taɓawa.

Bayan an watse

Kada a yi gaggawar cire sheƙa. Gwara da kurciya sukan sake zuba ƙwai a wuri ɗaya sau biyu ko uku a jere, wani lokaci cikin mako guda da tashin na farko. Tsohuwar saƙar kabare ma akwai ƙananan tsuntsaye masu cin iri da ke shiga su haihu a ciki. Akwati kuwa, in ya yi wata guda ba mai shiga, a sauke shi, a yayyafa wa tsohuwar ciyawar ruwa don ƙura da ƙuma kada su tashi, a kwashe a ƙone, a zuba tafasasshen ruwa a ciki, a shanya ya bushe sarai. A duba ƙusoshi da ramukan tsiyayar ruwa, a mayar da shi wurinsa. In 'ya'ya sun mutu a ciki ba rauni a jikinsu, zafi ne mafi kusa da zargi: a matsar da akwatin zuwa inuwa mai kauri, ko a ƙara masa rufi na biyu da tazarar santimita 2 tsakaninsa da na farko don iska ta riƙa ratsawa.